Faci mai cibiya

Shekara 22 ke nan ina kan keken ɗinki a Daura. Shadda da yadin da na yanka ba su ƙirguwa, amma ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan ga likita riƙe da almakashi yana yanka ƙyalle yana gwadawa a ƙafar mutum, kamar mai fitar da wuyan riga ba. A Katsina na ga haka, a kan ƙafar Autata. Bari dai in faro daga inda abin ya faro.

Ranar wata Lahadi ce, sanyi ya fara shigowa. Na ɗauko ta daga gidan Inna a bayan babur. Shekarunta 8, tana sanye da silifas, ƙafafunta ba su kai matakin ba, sai lilo suke yi. Ina shan kwana na ji babur ya tirje, sannan na ji ihunta. Dunduniyar dama ce ta shige cikin wayoyin tayar baya. Wayoyin sun kwashe fatar bayan dunduniyar kamar an fere, ta rage tana reto ta gefe guda. Ni ke tuƙi. Har yau ba wanda ya faɗa mani wannan a fuska, ko uwarta, amma ni na san da maganar.

A wani ƙaramin asibiti kusa da mu aka wanke ciwon, aka maida fatar mazauninta aka ɗinke tsaf, aka naɗe da bandeji. Ɗinkin ya yi kyau, ni da nake tela har yaba shi na yi a zuci. Kwana huɗu sai ga wari. Da aka kwance, fatar ta yi baƙi ƙirin ta bushe kamar ƙirgi. Daga baya aka fahimtar da ni cewa haka irin wannan raunin yake yi: fatar da taya ta murje, ƙananan jijiyoyin jininta sun riga sun tsinke, in kuma aka ja ta aka ɗinke sannan kumburi ya taso daga ƙasa, ɗan abin da ya rage ma sai ya shaƙe. Takarda suka rubuta mana zuwa Katsina. Muka ɗauki shatar mota, kilomita wajen 80, ta Shargalle da Mashi, ƙafarta a kan cinyata, maiɗakina na ta salati.

Sau biyu aka shiga da ita tiyata don kawai a yanke mataccen nama. Bayan na biyun aka kira ni in gani. Rami ne kamar faɗin tafin hannunta, ga agara fara fat a tsakiya, ga ƙashin dunduniya a ƙasa. Da babban likitan gyaran fata ya zo zagaye, na yi ƙarfin hali na tambaye shi. Wani maƙwabcinmu ya taɓa ƙonewa, aka yanko fatar cinyarsa aka lulluɓe wurin, ya warke. Me zai hana a yi mata haka mu koma gida?

Ya ja kujera ya zauna, abin da ban yi zato ba. Ya ce: “Malam, waccan fatar da kake faɗi siririya ce kamar takarda, kuma ana yanko ta ne babu jijiya ko ɗaya a haɗe da jiki. Kwana biyun farko tsotsa take yi daga naman da aka shimfiɗa ta a kai, kafin ƙananan jijiyoyi su tsiro su kama ta. In ka ɗora ta kan jan nama, za ta kama. In ka ɗora ta kan farin ƙashi ko tsirarar agara, me za ta tsotsa? Ko da ta kama ma, nan wurin takalmi ne, goga ɗaya ta tsage.” Abin da ake buƙata, in ji shi, fata ce mai kauri da kitsenta, wadda za ta taho da guzurinta. Su suna kiranta filaf. Za a yanko ta daga sha-raɓar ƙafar, amma ba za a raba ta da jiki ba. Za a bar wani zirin nama mai ɗauke da jijiyoyin jini a haɗe ta ƙasa, a juyo da ita ta rufe dunduniya. Wannan zirin ya ce in ɗauke shi kamar cibiyar jariri. Muddin cibiya na aiki, facin na da rai. Tun daga ranar, ni da maiɗakina faci da cibiya muke cewa, har ma'aikatan ɗakin suka ɗauka.

Na zaci gobe za a yi. Sai da muka yi kusan mako biyu ana shiri. Kullum a wanke ciwon a sa zuma a rufe, har ya daina fitar da mugunya, gefensa ya yi ja. An auna jininta aka ga ya yi ƙasa, ga zazzaɓin cizon sauro a jiki. Likita ya ce yana son awon ya haura 30 kafin ya taɓa ta, don jinin ne zai kai wa facin iska. Ni na ba da leda guda. Abinci kuwa suka ce ƙwai, wake, kifi, hanta, nono, duk abin da za ta iya ci na gina jiki, domin nama ba ya haɗewa a jikin da ke jin yunwa. Yarinyar da a gida sai an yi da gaske take samun ƙwai ɗaya a mako, ga ta tana ture na biyu da safe.

A cikin kwanakin ne likitan ya tsaya kusa da ni ya ɗan ja hanci, ya ce: “Malam, kana shan taba?” Kunya ta kama ni gaban iyali. Bai yi mani wa'azi ba. Cewa ya yi abin da ke cikin taba yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, hayaƙin kuma yana rage iskar da jini ke ɗauka, kuma da a ce ni za a yi wa aikin, sai na bari na mako huɗu kafin ya yarda. Tunda yarinya ce, kada hayaƙi ya kusance ta. A barandar asibitin na saba da wani direban babbar mota da aka yi wa irin wannan facin a ƙwauri. Ƙanensa ke turo shi a keke bayan gini da daddare yana zuƙar kara biyu, wai don ya samu barci. Rabin facinsa ya mutu, aka sake shiga da shi. Ban isa in rantse cewa tabar ce kaɗai ba, amma ni dai tsawon zamanmu ban kunna ba. Ba zan yi ƙarya in ce har yau ban koma ba.

Ranar da aka zana ƙafar ita ce na fara ba ku labari. An kwantar da ita rubda ciki. Likita ya fito da wata 'yar na'ura kamar rediyon aljihu mai alƙalami a jiki, Dofla suke ce mata. Ya shafa wani ruwa mai yauƙi a bayan idon sawu ta waje, yana tafiya da bakin alƙalamin a hankali. Shiru, shiru, sai muka ji fuu, fuu, fuu, daidai da bugun zuciya. Ya ɗiga alama da biro. Ya ƙara gaba ya samu wata. Waɗannan su ne ƙananan jijiyoyin da ke ɓullowa daga can ciki su shayar da fata, kuma mafi muhimmanci tana wajen santimita 5 sama da ƙashin idon sawu, kamar faɗin yatsu uku na babba. Daga nan ba a ƙara yankawa ƙasa, nan ne gindin cibiyar.

Sai ya ɗauko ƙyalle ya yanka daidai siffar ramin, ya bar mashi doguwar jela. Ya danne ƙarshen jelar da babban yatsa a kan alamar, ya ɗaga ƙyallen daga dunduniya ya juya shi sama ya kwantar a sha-raɓa, ya zagaye da biro. Ya sake juyo shi ƙasa, ya ga ya kai ba tare da an ja ba. Sau uku yana yi. Sannan ya ƙara wajen rabin inci a kewaye, kamar yadda muke barin na ɗinki, don fata in an yanke ta takan tsuke. Ban san sanda bakina ya suɓuce ba, na ce: “Likita, ashe kai ma tela ne.” Ya yi dariya ya ce: “Tela ne mana. Sai dai naka yadin in ka ja shi ba ya mutuwa.”

A nan ne ya yi mani bayanin da ya zo ya yi mani amfani daga baya. Fatar sha-raɓa ta saba samun jini daga sama. In an yanke ta sama an bar ƙasa, dole jinin ya riƙa hawa ta bayan gida, daga waɗancan ƙananan jijiyoyin da muka ji kukansu. Shigar jinin ma da sauƙi. Fitarsa ce wahala, saboda jijiyoyin da ke maida jini zuwa zuciya suna da wasu 'yan ƙofofi a ciki masu buɗewa gefe ɗaya kawai, yanzu kuma an juya masu hanya. Shi ya sa abin da ya fi kashe irin wannan facin ba yunwar jini ba ce, cushewar jini ce.

Aka shiga tiyata. Aka fito. Na leƙa na ga dunduniya na nan a naɗe yadda take, ga kuma sabon bandeji a sha-raɓa. Ashe yanka facin suka yi, suka ɗaga shi, suka maida shi inda yake suka ɗinke. An faɗa mani tun farko za a yi haka, na kuma sa hannu a takarda, amma gaskiya ban gane ba sai da na gani. Raina ya ɓaci. Yayana da ya zo daga Daura ya ja ni gefe ya ce: “Kai, anya mutanen nan ba kuɗin tiyata biyu suke so su ci ba? Wa ya taɓa yanka riga ya maida ita cikin bandir?” Kuma a lokacin na riga na sayar da keken zubi ɗaya, maiɗakina ta karɓi kwasar adashinta tun ba a zo kanta ba.

Wani ƙaramin likita mai kwanan dare, wanda ya zama kamar ƙanena a zaman nan, shi ya kwantar mani da hankali. Ya ce fatar jiki kamar unguwanni take, kowace unguwa da babbar jijiyar da ke shayar da ita, tsakaninsu kuma akwai 'yan lunguna matsattsu da jini ba ya yawan bi. In ka toshe babban titi ka bar mutane kwanaki, lungu zai zama hanya. Yankan farko toshe titin ne, alhali facin na kwance a gidansa, ba a murɗa shi ba, ba a ja shi ba. Cikin mako biyu lungunan za su buɗe su yi faɗi, facin ya saba da rayuwa ta cibiya kaɗai, sannan a ɗauke shi. Ba kowa ake yi wa haka ba. Nata facin dogo ne, ya hau sama sosai, ƙarshensa ya yi nisa da gindi, shi ya sa maigidansu ya zaɓi jinkirin. Ya ce wannan salon na juyo fatar sha-raɓa, wani likitan Faransa mai suna Masquelet da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a 1992, kuma ya karɓu a wurare irin namu saboda ba ya buƙatar madubin ƙara girma da ake ɗinka jijiya da jijiya a ƙarƙashinsa.

Mako biyun nan sun fi kowane lokaci tsawo. Ba abin da ake yi sai wankin ciwo da jira.

Tiyatar facin ta biyu ta ɗauki wajen awa uku. An juyo facin ya rufe agara da ƙashi. Gurbin da ya bari a sha-raɓa kuwa, siririyar fatar cinyar nan da na yi ta naci a kai aka shimfiɗa, don can jan nama ne. An sa mata siminti ta gaban ƙafa don kada idon sawu ya motsa, aka naɗe sako-sako, aka bar taga daidai kan facin.

Sistar da ke shugabantar ɗakin, dattijuwa ce ba ta da wasa, ta tsayar da mu ni da maiɗakina a gindin gadon. Ta ce aikin likita ya ƙare, saura namu da nasu, kuma kwana ukun farko su ne masu haɗari. Yarinya za ta kwanta rubda ciki ko ta gefen hagu, ƙafar a ɗage kan filo, dunduniya na reto a iska ba ta taɓa komai. Ta nuna mana inda cibiyar ta bi da yatsa ba tare da ta taɓa ba, ta ce ko gefen zane kada ya danne nan. Lokacin hunturu ya kankama, iskar Katsina ta asuba kuwa sai wanda ya sani. Ta ce sanyi na tsuke jijiya, don haka a rufe tagar da ke kusa, a lulluɓe ta da bargo, a yi wa ƙafar rumfa da kwali don bargon kada ya sauka a kai. Ta sha ruwa sosai, mu kuma lura da yawan fitsarinta. Maganin ciwo a ba ta kan lokaci, kada a jira sai ta yi kuka, domin zafin ciwo da tsoro su ma suna tsuke jijiya kamar sanyi. Wannan ya ba ni mamaki. Mu da muka taso ana ce mana daure.

Su suna dubawa duk awa a ranar farko, amma gadaje sun fi ashirin, ma'aikatan dare biyu ne. Sai ta koya mana duba. Ka sa bayan yatsa ka ji ɗumin facin, ka ji na fatar da ke kusa, su zo ɗaya. Ka ɗan taɓa ka ji laushinsa. Kada ya yamutse kamar tsohon lemo, kada kuma ya yi tauri. A littattafansu, in ji ta, ana cewa a duba launi, a danna a saki a ga jini ya dawo cikin kamar daƙiƙa biyu. Amma littattafan an rubuta su ne da farar fata a gaba. A baƙar fata irin tamu launi ba ya nunawa da wuri, kafin ido ya gane an makara. Saboda haka abin da suka fi dogara da shi allura ce: a ɗan tsira facin a ga abin da zai fito. Ja mai haske a hankali, lafiya. Babu komai, jini ba ya shiga. Baƙi-baƙi da sauri, jini ba ya fita. Tsirar tasu ce, ba tamu ba. Auta ba ta ma san ana yi ba, don facin ba ya jin komai. Sista ta kuma ba ni shawara in riƙa ɗaukar hoto da waya duk awa biyu, da fitila ɗaya, daga wuri ɗaya, saboda idon da ke kallon abu kullum ba ya ganin canjinsa.

Washegari Inna ta iso da ayarin 'yan dubiya. Kowa so yake ya ɗaga bargo ya gani, na zama ɗan sanda a gindin gado, har wata gwaggona ta yi fushi. Inna ta leƙa ta tagar bandejin ta ga wurin ya ɗan tasa, ta ce: “Kai ɗan nan, kumburi ai gashi yake so. A samo ruwan zafi da tsumma.” Ni ban iya musu da Inna. Na ce: “Inna, ki yi haƙuri, sun hana.” Ta ce su yaushe aka haife su. Allah ya kawo Sista, ta rusuna ta gaishe ta, ta ce: “Hajiya, gaskiyarki, ɗumi na da amfani, shi ya sa muka lulluɓe ta. Amma wannan fatar ba ta ji. Ko ta sale yarinyar ba za ta ce uffan ba, sai dai mu ga ta tashi.” Inna ta yi shiru, ta ce to Allah ya ba da lafiya, ta yi tofi a tafin hannu ta shafa mata a ka.

Dare na biyu ne abin ya faru. Maiɗakina ta kwanta a tabarma, ni ke gadi. Kwana biyu ban runtsa ba, sai barci ya sace ni a kan kujera. Na farka wajen ƙarfe biyu. Auta ta juya cikin barci, filon ya zame, gefen idon sawun ya kwanta a kan ƙarfen gado, daidai cibiya. Na gyara ta jikina na rawa, na haska waya. Facin ya kumbura yana ƙyalli, na taɓa na ji shi tamau kamar fatar kalangu. Na buɗo hoton ƙarfe goma sha ɗaya na haɗa, ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne. Ban tsaya neman takalmi ba.

Nas ɗin dare ta zo da allura ta tsira. Jini ya bulbulo nan take, baƙi kamar ruwan ɗinya. Ba ta ce mani komai ba, waya ta ɗauka. Ƙaramin likitan nan ya iso da gudu-gudu. Ya yanke bandejin gaba ɗaya. Ya ɗauki ɗan almakashi ya riƙa cire zaren ɗinki, ya cire ɗaya ya bar ɗaya, a ƙarshen facin da kuma gefen cibiya. Ni ina kallo ana warware aikin awa uku, cikina ya ɗuri ruwa. Ya danna gefe a hankali, sai ga gudan jini kamar dabino ya fito daga ƙarƙashi. Ya ce ba kwanciyar kaɗai ba ce, wannan gudan ma yana danne cibiyar ta ciki. Ko don ya sanyaya mani zuciya ya faɗa, ko haka ne, na dai karɓa. Ya ƙara ɗaga ƙafar, ya kira maigidansa a waya suka yi magana, sannan ya ɗan kakkarce facin wuri biyu, ya ɗora ƙyalle jiƙe da hefarin, maganin da ke hana jini daskarewa, don wurin ya ci gaba da tsattsafowa. Ana canza ƙyallen a kai a kai har gari ya waye.

Na ce mashi wannan ai ƙaho ne irin na wanzamai. Ya ce kusan haka, bambancin shi ne nan an san jinin da ake cirewa da dalilin cire shi: a rage cunkoso, sabon jini ya samu wurin shiga, har zuwa kwana biyar ko bakwai da facin zai tsiro da sababbin hanyoyin fita ta ƙasansa da gefensa. Ya ce a Turai da Amurka matsattsaku suke ɗorawa, yawunsa na hana jini daskarewa, yana sha ya faɗi wurin ya ci gaba da zuba na awoyi, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi tun 2004. Na miƙe na ce in dai matsattsaku ne, kafin azahar zan sa a kawo kwalba guda daga tafkin garinmu. Ya riƙe hannuna yana dariya ya ce in rufa mashi asiri. Nasu kiwonsu ake yi musamman, kuma duk da haka akwai ƙwayar cuta a cikinsu, sai an haɗa wa majiyyaci da maganin kashe ta. Na tafki kuwa ciwon zai ƙara.

Muna zaune muna jiran canjin ƙyalle na tambaye shi, in facin ya mutu fa? Ya ce akwai sauran dabara: a yanko daga ɗaya ƙafar, a haɗe ƙafafun biyu wuri guda na mako uku kafin a raba. Ya ga fuskata ta canza, sai ya ce in gode Allah, a Italiya wani likita Tagliacozzi ya wallafa littafi a 1597 kan gyaran hanci da fatar dantse, ana ɗaure hannun mutum a kansa makonni har fatar ta kama. Kuma irin wannan aikin na faci ake yi wa yaran da ciwon noma ya cinye wa fuska a asibitinsu na Sakkwato, inda abin ya fi namu wuya nesa ba kusa ba.

Zubar jinin da gangan ta ja jininta ya sake sauka, aka nemi wata leda. Yayana, mai zargin cin kuɗin tiyata, shi ya miƙa hannu. Da ya fito yana danne da auduga ya ce mani: “To, yanzu ni ma ina da hannun jari a facin nan.”

Kwana na huɗu taurin ya fara saki. Na biyar jinin allura ya koma ja. Amma ba duka ya tsira ba. Can ƙarshe, wurin da ya fi nisa da cibiya, wani ziri kamar faɗin yatsa ya yi baƙi ya bushe. Likita ya bar shi kwanaki har iyakarsa ta fito sarai, sannan ya datse. Allah ya sa ba kan agara ya faɗo ba, wankin ciwo kawai ya cike shi. Ya ce da ba a yi jinkirin nan na mako biyu ba, yana jin abin da za a rasa ya fi haka. Fatar cinyar da aka shimfiɗa a sha-raɓa kuwa, da aka buɗe ta rana ta biyar, ta kama lafiya lau. Abin dariya, wurin da aka yanko ta a cinya shi ya fi damun Auta da zafi fiye da duk sauran.

Saukar da ƙafa ma koyonsa aka yi. Bayan kwana goma aka fara zaunar da ita a bakin gado, ƙafar ta sauka minti biyar, ana kallon facin yana cika yana duhu, sai a maida sama ya sace. Gobe minti goma, jibi sha biyar. Sababbin jijiyoyin ne ake koya wa aiki da nauyin jini. Rannan na ga ta gaji da kwanciya na bar ta ta ƙara minti biyar, Sista ta gani ta wanke ni tas gaban mutane.

Kwananmu 47 a Katsina. Mun dawo Daura da sanduna biyu da takardar komawa duk mako biyu, ga motsa idon sawu da aka koya mata don kada agara ta ƙage. Sai da aka ƙara makonni kafin a yarda ta taka sosai. Gefen ƙafar ta waje, daga idon sawu zuwa wajen ƙaramin yatsa, ba ta ji sosai, domin jijiyar ji ta wurin tana cikin abin da ya tafi da cibiya; an gaya mana haka tun kafin aiki. Saboda haka kullum da daddare uwarta na duba ƙafar da fitila ko ƙaya ta shiga ko takalmi ya goge, sannan ta murza tabon da man kaɗanya. Ba ta zama kusa da murhu da ƙafar, ba ta yawo ba takalmi.

Facin ya ɗan yi tudu, ya fi ɗaya dunduniyar kauri. Likita ya ce in ta girma tana so ana iya rage shi. Takalmin makaranta ya ƙi shiga, sai na kai wa wani baduku a kasuwa ya buɗe bayan na dama, ni kuma na ɗinka mashi soso da yadi mai laushi ta ciki. Babur ɗin ma na kai wa mai walda ya yi wa tayar baya raga ta kowane gefe, ya ƙara mataki a sama daidai tsawon ƙafar yaro. Masu kawo ɗinki in suka ga ragar a ƙofar shago sukan tambaya ta mece ce. Mutum uku a layinmu sun karɓi lambar mai waldar. Auta dai har yanzu ba ta yarda ta hau ba, da ƙafa take zuwa Islamiyya, tana ɗan ɗingishi in ta yi sauri.